Idan Gani Ya Dushe, Ƙafa Ta Mutu, Sannan Suka Dawo

Jama'ar Ikara, Makarfi da Kudan, akwai wata cuta da likitoci ke kira MS, wadda garkuwar jiki ke afka wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ba ta da yawa a ƙasarmu, shi ya sa ake saurin jingina ta ga iska ko sammu. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata sun fi maza.

Ku lura da waɗannan alamomi: ido ɗaya ya dushe, yana ciwo idan an juya shi, hannu ko ƙafa su yi sanyi ko su mutu, tangaɗi wajen tafiya, fitsari ya ƙi riƙuwa, gajiya mai tsanani da ke ƙaruwa lokacin zafin bazara. Abin da ya bambanta ta shi ne alamar takan wuce awa 24, ta lafa bayan makonni, sannan wata ta ɓullo a wani sashen jiki.

Ku rubuta ranar da kowace alama ta fara. Ku je babban asibitin Ikara ko na Makarfi, ku nemi takardar turawa zuwa likitan jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ana tabbatar da cutar ne da hoton MRI, da gwajin ruwan laka, da gwajin jini don kawar da shakkun wasu cututtuka kamar ƙarancin bitamin B12.

Amma idan baki ya karkace ko ɓarin jiki ya shanye farat ɗaya, kada ku jira gobe, ku garzaya asibiti nan take.