DARASI: ALƘALI A ƘASAR ZINARE



Jiya bayan karatun Magariba a nan Tudun Wadar Zariya, wani ɗalibina da aka tura aikin kotu yankin da ake haƙar zinare ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, wani mai rami ya ce zai riƙa sa min kaso, kuma bai nemi komai ba. Ya halatta?"

Na ce masa, "Ɗana, da ba ka kan kujerar nan, da ya san sunanka?"

Irin tambayar da Annabi (SAW) ya yi ke nan game da Ibnul Lutbiyya, wanda ya dawo daga karɓar zakka da wani kaso da ya ce kyauta aka ba shi. Ma'anar hadisin: ya zauna a gidan iyayensa mana, ya ga ko za a kawo masa.

Sai na tuna masa da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa. Ɗan alƙali ne, mahaifinsa Malam Mahmud shi ne alƙalin Gummi, a Zamfarar da yau zinare ya zame mata jarrabawa. Ya yi karatun shari'a a Kano, ya yi aiki a kotun alƙali a Sakkwato, sannan ya koma koyarwa a Maru. A can ya yi inkarin yin taimama alhali ga ruwa, duk da manya ba su ji daɗi ba. A 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, ya rasu a 1992. Ko waɗanda suka saɓa da shi a fahimta sun san ba dukiya ya tara ba. Shi ya sa bakinsa bai yi nauyi ba wajen faɗin gaskiya.

'Yan uwa, ma'adinai ba kamar sauran dukiya ba ne. Annabi (SAW) ya taɓa ba Abyad bin Hammal wurin gishiri a Ma'arib ta Yaman, da aka bayyana masa cewa arziki ne mai ɓuɓɓugowa kamar ruwa, sai ya janye. A mazhabar Malikiyya ma, sha'aninsu yana hannun shugaba don maslahar jama'a.

To, idan alƙali yana da kaso a rami, wa zai tsaya wa manomin da aka ƙwace wa gona? A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Irin waɗannan iyayen, ina za su kai kuka?

Ɗalibin nan ya ce albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Na sani, wallahi. Amma na ce ya mayar da tayin tun kafin mai ramin ya tsaya gabansa da abokin shari'a.

Allah Ya wadata alƙalanmu da halal. Wallahu a'alam.