Darasin Lafiya: Yaro da Tsoho a Lokacin Ciwon Gaggawa

'Yan'uwa ɗalibai, ko injiniyanci kake karanta, ko akanta, da zarar an yi hutu ka koma gida kai ne "ɗan boko". Idan ƙaninka ya shiɗe cikin dare, ko kaka ta faɗi a banɗaki, kai za a kalla a ce "To, ya za a yi?" Darasinmu na wannan fitowa abu ɗaya yake son ya koyar: kar ku auna ciwon yaro ko na tsoho da jikinku. Matashi idan ciwo ya kama shi, jikinsa na nunawa sarai. Yaro kuwa jikinsa na daurewa har sai ya zube farat ɗaya, tsoho kuma ciwonsa kan zo da wata kama daban.

Me ya bambanta yaro?

Babban mutum na da jini wajen lita 5. Yaro mai kilo 10 kuwa, jininsa duka bai fi mililita 800 ba, wato bai kai leda biyu ta fiya wata ba. Shi ya sa zawo da amai na yini ɗaya, ko zubar jinin da kai ba zai dame ka ba, kan iya kai shi ga halaka. Hanyar numfashinsa ma siririya ce, majina kaɗan ko ɗan kumburi sai su toshe ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware alamomi huɗu na haɗari ga yara 'yan ƙasa da shekara 5: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi, a tashe shi da ƙyar. Ko ɗaya aka gani, sai asibiti, ba kemis ba.

Ku koyi ƙirga numfashi da agogon wayarku, minti ɗaya cif, lokacin da yaron ba ya kuka. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 daga shekara 1 zuwa 5. Idan kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa duk sanda ya ja iska, wannan alamar ciwon huhu ce. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 da zazzaɓi, ba a jira da shi gari ya waye.

A zawo, ku duba ido ko ya faɗa, da maɗiga ko ta lotsa. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, a haɗa yadda aka rubuta a jiki, a ci gaba da ba shi nono.

Idan yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kar a cusa cokali a bakinsa, kar a ɗura masa komai, kar a yi masa hayaƙi. Idan kananzir ya sha, kar a ba shi manja, kar a sa shi amai, don aman ne ke kai kananzir cikin huhu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Maganin yara kuma da nauyinsu ake auna shi, ba wai a raba ƙwayar babba biyu ba, kuma ba a ba yaro asfirin don zazzaɓi.

Tsoho fa?

A nan kuskuren da aka fi yi shi ne a ce "ai tsufa ne". Baba da jiya ya yi hira lafiya lau, yau ya kasa gane jikokinsa, ba gigin tsufa ba ne, don shi a hankali yake zuwa. Ruɗewa ta farat ɗaya na iya zama ciwon huhu, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa ko faɗuwar suga, kuma sau da yawa ba zazzaɓi ko kaɗan. Haka ciwon zuciya: tsoho, musamman mai ciwon suga, zai iya samunsa ba tare da ciwon ƙirji ba, sai dai haki, zufa da kasala.

Shanyewar ɓarin jiki ana gane ta da abu uku: baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta harɗe. Ku riƙe lokacin da abin ya fara, don allurar narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi ake yin ta, a inda ake da ita. Kar a ba shi abinci ko ruwa, zai iya shaƙewa. Addu'a a yi ta a mota, ana tafiya.

Faɗuwa ma ba ƙaramin abu ba ce. Idan Iya ta kasa tashi, ƙafa ɗaya ta gajarta kuma ta juya waje, mai yiwuwa ƙashin ƙugu ne ya karye. Kar a tsayar da ita, kar a kai ta wurin mai ɗori. Idan kai ya bugu, jini na iya taruwa sannu a hankali har makonni, don haka a sa ido ko da ta ce ba komai.

Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar mu. A zafin Maris da Afrilu, ku riƙa miƙa musu ruwa ba sai sun tambaya ba. Mai shan maganin suga idan ya fara zufa da rawar jiki, kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take.

Kafin ku fita

Ku kwashe duk magungunan da mara lafiya ke sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, ku nuna wa likita. A tafi da wanda ya ga farkon abin, uwar yaron ko mai kula da tsohon. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma ku ajiye lambar wani mai mota ko adaidaita na unguwarku tun yau, ku kuma san asibiti mafi kusa da ke aiki da dare. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.