Kafin A Tsaya Gaban Tagar Biza: Shawarwari Ga Gidajen Funtua Da Malumfashi

Da kaka ta yi, an casa masara an kai auduga sikeli, sai zancen tafiya ya taso a gidajenmu. Wannan Umara, wancan zai kai mahaifiya asibiti Masar ko Indiya, wani kuma yaro ne ya samu gurbin karatu a Ingila. Daga ranar da aka ambaci biza barci ya ƙaurace wa gidan. Na ga magidanci mai buhuna jibge a sito da shanu a turke yana juya fom da hannu na rawa. Arzikinmu a sito yake, su kuwa ofishin jakadanci takarda kawai suke karantawa.

1. A fara da suna da ranar haihuwa. A baje fasfo da takardar NIN da sakamakon jarrabawa da takardar banki a kan tabarma, a duba harafi bayan harafi. Nan Muhammad, can Mohammed. Nan an ƙara Malumfashi a ƙarshen suna, can babu. A gyara tun da wuri. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6.

2. Kuɗin gona su riƙa bi ta banki. Manomin Bakori ko Ɗanja yakan sayar da hatsi a Dandume, ya naɗe kuɗin a aljihu, ya sayi taki ko bijimi. Ciniki ya yi kyau, amma bai bar sawu ba. Mai niyyar tafiya ya fara zuba kuɗin masara da waken suya a asusunsa wata 6 kafin nema, ya adana rasiɗin taki, takardar gona, katin ƙungiyar manoma da rajistar shago. Abin da nake roƙo a guje shi ne aron miliyoyi a zuba ana saura mako guda. Asusun da ya yi wata biyar yana hamma, kwatsam ya cika, jami'i na gani zai tambayi daga ina, kuma ba amsa. In Kawu ne zai ɗauki nauyi, ya rubuta wasiƙa da sa hannunsa, ya haɗa da bayanan bankinsa. Ɗalibin Ingila kuwa sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba.

3. A san dokar yau kafin a biya. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata 3, shiga ɗaya. Daga 1 ga Janairun 2026 kuma ta dakatar da ba mu ta ziyara da ta karatu, sai 'yan kaɗan da aka keɓe. Dala 185 da ake biya ba a mayarwa. Dokokin nan suna sauyawa, saboda haka shafin intanet na ofishin jakadancin za a duba, kada a dogara da labarin majalisa.

4. Ka zauna kusa da mai cika maka fom. Yaron shagon kwamfuta sauri yake, layi na jiransa. Ya karanta maka kowace tambaya, ka amsa da bakinka, musamman ta ko an taɓa hana ka biza. Matanka da 'ya'yanka, faɗi yadda suke. Ƙarya ɗaya kan jawo haramcin shekara 10 a Ingila, a Amurka kuwa na har abada. Sunanka ne a takardar, ba nasa ba.

5. Duk wanda ya ce yana da mutum a ciki, riƙe kuɗinka. Umara a bi kamfanin da ke da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, aikin Hajji a bi hukumar alhazai ta Jihar Katsina. Kada a jinginar da gona saboda alkawarin dillali.

6. A isa Abuja ana gobe ganawa. A bar Funtua da safe, a bi Zariya da Kaduna da rana tsaka, ko a hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Ofishin Amurka ba ya barin shiga da waya, a bar ta masauki.

7. A gaban taga. Ba kowace ƙasa ke ganawa ba. Ta Ingila galibi hoton yatsu ne da miƙa takardu. Inda ake yi kuwa, a tsaye ne, ta bayan gilashi, 'yan mintuna kaɗan. Abu uku ake son ji: me za ka je yi, wa zai biya, me zai dawo da kai. Na ƙarshen nan mun fi kowa amsarsa. Ka ce, "Manomi ne ni, ina noma masara da auduga, dole in dawo kafin shuka." Kada ka haddace jawabin wani, kada ka ji kunyar sana'arka. In ba ka gane tambaya ba, ka ce a maimaita. Ka sa kaftaninka da hularka yadda ka saba, ka yi addu'arka, ka dubi mai tambaya.

8. Mutanen gida, ku sassauta. Uwargida, kada a baza labari a unguwa tun biza ba ta fito ba, nauyin "yaushe tafiya?" ya fi na ganawar. In aka hana, Baba, kada a ɗora wa yaro laifi. A karanta takardar da aka ba shi, dalilin yana ciki, kuma kada a sake biya washegari alhali ba abin da ya sauya. A gyara abin da aka ambata tukuna. In kaka mai zuwa kuke hari, buhun farko da kuka sayar bana ku kai kuɗinsa banki.