Ɗalibin aikin agaji, kada hutunka ya tafi a banza

Ɗalibin da ke karatun agajin gaggawa, a kowace jami'a yake, ya sani aji kaɗai ba ya isa. Ka fara da reshen Croix-Rouge na Tawa, ka koyi taimakon farko da auna dantsen yara don gano tamowa.

Babban hutu kuwa yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbunan yankin Adar ke ƙarewa. Ka je garin Tebaram, ka gai da hukumomin gari da masu unguwa, ka nemi izinin bin masu lura da farashin hatsi da lafiyar dabbobi. Dattawa ba su manta yunwar 2005 ba, saurare su. Amma kada ka kama hanyar arewa sai hukuma ta yarda.