GANGAMAU: AMFANINSA DA IYAKARSA

Ya kai mai gida, da ke uwargida, ga bayani a kan gangamau, wanda waɗansu ke kira kurkum. Ku karanta, ku kuma karanta wa maƙwabta.

MENE NE GANGAMAU?

Gangamau ɗan'uwan citta ne. Saiwarsa ake amfani da ita, in ka karya ta sai ka ga cikinta rawaya fatau. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta, har yanzu kuwa Indiya ta fi kowace ƙasa noma shi. Can suna sa shi a miya kullum, suna kuma shafa wa ango da amarya kafin biki, kamar yadda mu ke sa lalle. A ƙasarmu tun dā dukawa suna rina fata da shi. Garin korin nan da ake saye a kasuwa, gangamau ne ya ba shi launinsa.

YADDA ZA KA SAMI MAI KYAU

Ba shi da wuyar shuka. In damina ta kama, ka binne gutsuren saiwa mai ido a ƙasa mai taki, inda ruwa ba ya kwanciya. Bayan wata 8 ko 9 ganyen zai bushe, sai ka tone. Ka wanke, ka dafa kamar awa ɗaya, ka shanya a tabarma mai tsabta har ya bushe ƙayau, wajen mako 2. Sa'an nan a daka, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Lema ita ke sa shi fumfuna.

Ka yi hattara da garin kasuwa. A shekarar 2019 masu bincike sun gano cewa a ƙasar Bangaladash waɗansu 'yan kasuwa suna ƙara wa gangamau launi da wata hoda mai dalma, har hukuma ta tashi ta hana. Dalma guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Ido ba ya gane ta a cikin gari. Saboda haka wanda ka shuka, ko ɗanyen da ka saya ka wanke ka daka, shi ya fi aminci.

A CIKIN ABINCI

Rabin ƙaramin cokali ya ishi tukunyar shinkafa ko miyar gida. In ya yi yawa sai ɗaci. A soya shi cikin mai tare da albasa, a sa ɗan masoro, gama mai da masoro suna taimakon hanji ya tsotsi abin da ke cikinsa. Amma ki sani, kayan ƙanshi ne. Ba ya maye gurbin wake, gyaɗa, ƙwai ko ganye a abincin yara.

WAJEN MAGANI

Abin da ke ba shi launi ana kiransa kurkumin. Likitoci sun gwada shi, sun ga yakan ɗan rage wa waɗansu ciwon gwiwa. Amma ba a tabbatar yana warkar da ciwon daji, ko ciwon sukari, ko zazzaɓin cizon sauro ba.

Babban haɗari shi ne shawara. Mutane sukan ce tun da idon majiyyaci ya yi rawaya, abu rawaya ne maganinsa. Wannan kuskure ne. Shawara alama ce cewa hanta ko jini ya sami matsala, kuma jinkiri yana kisa. Har ma a ƙasar Italiya, a 2019, an sami mutanen da hantarsu ta kumbura don shan ƙwayoyin gangamau masu ƙarfi.

KA RIƘE WAƊANNAN

1. In idon mutum ya yi rawaya, a kai shi asibiti ran nan. In jariri ne, kada a kwana.

2. Kada a barbaɗa garin gangamau a cibiyar jariri ko a gyambo. Ƙurar da ke ciki tana iya kawo ciwon nan mai ƙage muƙamuƙi.

3. Kada a ɗiga ruwansa a ido ko kunne.

4. Mai ciki ta ci shi a miya, amma kada ta jiƙa ta sha don magani.

5. Mai ciwon hanta, da mai tsakuwa a matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini, su tambayi likita tukuna.

6. Kada ka bar maganin da asibiti ta ba ka don wani ya ce gangamau ya fi.

To, jama'a, ku shuka shi, ku ci shi a miya, ku bar aikin likita ga likita. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.