Adana Sanyi a Ginin Hausa: Misali daga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da masana makamashi suke kira adana sanyi, watau tara shi a wani lokaci don a ci moriyarsa a wani, ba baƙo ba ne a ginin Hausa. An ɗauki misali daga ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda noman auduga da masara ya kawo kuɗi, kuɗin kuma suka kawo ginin bulo da rufin kwano.

Bango a Matsayin Rumbu

Maginin gargajiya yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali, ya tayar da bango mai kauri daga tushe, yana rage shi zuwa sama. Daga nan sai a jera azarar giginya, a rufe da ƙasa, ya zama soro. Da irin wannan fasaha Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Asirin yana cikin kaurin. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa bango, ta yadda ba zai iso ciki ba sai rana ta faɗi. Shi ya sa da bazara akan kwana a tsakar gida, a bar ɗaki ya huce, ya sha sanyin asuba, ya riƙe shi har azahar. Ashe ke nan bango rumbu ne, sai dai sanyi ake zuba masa maimakon dawa. Kwano kuwa ba ya ajiya. Rana na bugunsa yake juye zafin a kan mai ɗaki.

Raunin soro shi ne ruwa. Da yake damina ta fi ƙarfi a nan bisa ga birnin Katsina, tilas ne a kula da indararo, a kuma riƙa yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Ajiya ta Zamani

Wutar hasken rana takan wadata da tsakar rana, ta ɗauke da dare, ga batir da tsada. Saboda haka akan yi amfani da rarar wutar a daskarar da ruwa, da dare kuma a bi da iska ta jikin ƙanƙarar zuwa ɗakuna. Kafin kilo 1 na ƙanƙara ya narke, sai ya zuƙe zafin da zai iya kai lita 1 ta ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Amma ƙanƙarar da za ta wadaci soro ba za ta wadaci ɗakin kwano ba.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, sabuwar dabara tana bukatar tsohuwa. Ya kamata ɗaliban Hausa su riski tsofaffin magina, su tattara kalmomin sana'ar tare da hikimar da ke cikinsu, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.