Babi na Bakwai: Sassaƙa da Kafinta, Nazarin Haɗa Teburin Mai Shayi

7.0 Gabatarwa

A lokacin duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a wata makaranta ta ƙasar Ƙaraye, an tarar da wani ɗalibi yana koyar da sana'ar sassaƙa. Cikin kayan aikin da ya jera a allo har da zarto da ƙusa. Yaran aji kuwa suka kwafe yadda ya rubuta, alhali a cikinsu akwai 'ya'yan masassaƙa. Irin wannan kuskure ya zama ruwan dare, domin ana ɗaukar duk mai aikin itace a matsayin abu guda. Manufar wannan babi ita ce a bambanta sana'o'in biyu ta hanyar bin yadda ake haɗa teburin mai shayi, sannan a duba abin da kalmomin aikin suke nunawa game da harshen Hausa.

7.1 Bambancin Sassaƙa da Kafinta

Sassaƙa sana'a ce ta gargajiya wadda ake gado. Masassaƙi yakan sari gungumen itace guda, ya yi ta rage shi da gatari da gizago har siffar da yake nema ta fito. Ta haka ake samar da turmi daga ƙirya, da ƙota daga marke, da allo daga aduwa, haka nan akushi da kujerar mata. Babu haɗi a jikinsu, balle ƙusa.

Shi kuwa kafinta, sana'arsa ta bunƙasa ne bayan zuwan Turawa ƙasar Kano a 1903. Katako yake saye wanda inji ya riga ya tsaga, ya auna, ya yanka, sannan ya harhaɗa. A taƙaice ke nan, masassaƙi ragewa yake yi, kafinta kuwa haɗawa. Haka kuma itacen masassaƙi daga dajin yankinsa yake fitowa, amma yawancin katakon kafinta daga kudancin Nijeriya ake kawo shi manyan kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga nan ya isa garuruwa kamar Ƙaraye da Rogo.

7.2 Matakan Haɗa Tebur

An zaɓi teburin mai shayi ne saboda babu yaron da bai san shi ba. A bakin tasha ko kasuwa, a nan ake jera burodi da gwangwanayen madara da shayi da kofi. Mai 'yar basira zai iya haɗa irinsa a gida kamar haka:

(a) Zaɓen katako: A nemi busasshe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to wannan shi ne abin da kafinta yake gudu, domin ɗanyen katako yakan kantare idan ya bushe, sai tebur ya buɗe baki. Jan katako ya fi ƙarko, farin katako ya fi araha da sauƙin aiki.

(b) Awo da yanka: Falanki mai tsawon ƙafa 12 da faɗin inci 12, idan aka raba shi biyu aka jera, zai ba da saman tebur mai ƙafa 6 a tsawo da ƙafa 2 a faɗi. Sai a yanka ƙafafu huɗu masu inci 29, ta yadda idan an ɗora saman mai kaurin inci 1 tebur zai kai inci 30. Wannan tsayi shi ya dace da benci mai inci 18.

(c) Haɗa ƙafafu: A haɗa su bibbiyu da sanduna sama da ƙasa, a shafa gam kafin a buga ƙusa mai inci 3. Idan aka daki tsinin ƙusa da guduma ya ɗan dakushe, ba ta cika tsaga katako ba.

(d) Daidaitawa: A auna daga kusurwa zuwa kusurwar da take kallonta, sannan a auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, to tebur ya karkace, a gyara kafin a ɗora sama.

(e) Kammala aiki: A buga saman, a ƙara 'yar kanta a bayansa don jera kaya, a goge da samfefa, a yi fenti. Akan shafa baƙin mai a gindin ƙafafu saboda gara.

7.3 Abin da Kalmomin Suke Nunawa

Idan aka lura, kalmomin sassaƙa irin su gatari da gizago da ƙota sun daɗe a cikin Hausa, amma da yawa daga na kafinta aro ne daga Ingilishi. Sai dai Hausa ba ta karɓar kalma sai ta yi mata kwaskwarima:

(i) Musanya sauti: da yake babu /p/ a jerin baƙaƙen daidaitacciyar Hausa, yakan koma /f/, kamar a kafinta da fenti da samfefa.

(ii) Ƙarin wasali a ƙarshe: benci, inci, fenti.

(iii) Raba cunkoson baƙaƙe da wasali: falanki.

(iv) Sauya /l/ ta ƙarshe zuwa /r/: tebur.

Bayan haka sai kalmar ta bi ƙa'idar jam'in Hausa: kafintoci, tebura, bencina. Shayi da allo kuwa daga Larabci aka aro su. Ashe a kan tebur guda ana iya nuna wa yara harsuna uku.

7.4 Kammalawa

Malamin Hausa ba a neme shi ya zama kafinta ba, amma an neme shi ya san abin da yake koyarwa. Gani ya kori ji, saboda haka ya kai ɗalibansa rumfar masassaƙi da shagon kafinta, su ji sunan kowane kayan aiki daga bakin mai shi. Akushi ya riga ya yi ƙaranci a gidaje saboda kwano da roba. Idan aji bai riƙe kalmomin sassaƙa daidai ba, za su bi bayansa.

7.5 Auna Fahimta

1. Kawo bambanci uku tsakanin sassaƙa da kafinta.
2. Rubuta insha'in bayani a kan haɗa benci, mataki bayan mataki.
3. Tattaro kalmomi goma daga wani kafinta na garinku, ka bayyana kwaskwarimar da aka yi wa na aro daga cikinsu.